Shaidar Laka a Ɗakin Inna Kulu

Ku da kuke buga bulo a bakin titin Jega, in na zo wucewa da tsani a kafaɗa kukan ce, "Baba Sahabi, har yanzu wasan laka?" Ina ji, ai ni ba kurma ba ne. A wurinku ginin ƙasa ba sana'a ba ce: a kwaɓa, a ɗora, a shafe, ko yaro mai ginin wasa a bakin rijiya ya iya. To, ku sami wuri ku zauna. Ba tayar da bango zan koya muku ba, wannan ko kallo kuka yi kun kama rabinsa. Abin da ake yi bayan ruwa ya shiga gida ya fita zan gaya muku, don a nan ake bambanta magini da mai ɗora laka.

A Mungadi na koyi aiki, can wajen Maiyama, a hannun Baba Altine. Mahaifina ya kai ni ina ɗan yaro, ya ce masa, "Ga ya nan, nama naka, ƙashi nau." A gidansa na tashi, tuwon matarsa Inna Kulu na ci har na yi gemu. Shekarar farko ban taɓa bango ba. Aikina ɗebo ƙasa daga kududdufi, ɗebo ruwa, taka laka da ƙafa har cinya ta yi tsami, zuba ramno, wato dandaƙaƙƙiyar ciyawar da ke riƙe laka, a bar ta ta kwana ta ruɓa, gobe a sake takawa. Daga nan aka ƙara mini girma na koma mai jefa tubali. Magini na zaune bisa bango kamar mai hawan doki, kai kana ƙasa kana jefa masa, kuma dole tubalin ya isa hannunsa a tsaye, gindi ƙasa. In ya isa a karkace, Baba Altine ba ya zagi. Sakinsa yake yi ya faɗo kusa da ƙafarka, ya miƙo hannu yana jiran wani.

Kayan aikinmu ba su cika buhu ba: diga, fartanya, kwando, igiya, tsani, da madaɓi na buga daɓe. Sai makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a haɗa da laka, ta yi baƙi-baƙi ta hana ruwa shiga. Sauran duk hannu ne. Ba mu da cokalin gini, da yatsu muke yaɓe, saboda haka kowane bango yana ɗauke da sawun yatsun wanda ya yi shi.

Ɗakin Inna Kulu shi ne babban aiki na farko da na sa hannu a ciki. Tana da ciki lokacin, bazara ta matsa mata, ba ta barci, ba ta cin abinci. Baba Altine bai ce mata sannu ba, ba halinsa ba ne. Diga ya ɗauka. Ya haƙa ƙasa ya nutsa kusan ƙugun mutum, ya jera dutsen marmara a gindi, ya tayar da bango daga cikin ramin, ya yi matakala ta sauka daga ƙofa. Ya ɗaga dokin ƙofa sosai don kada ruwan tsakar gida ya leƙa. A sama ya ɗaure bakan gizo guda biyu, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗaukar rufi, suka haɗu a tsakiya, ya jera azara, ya daɓe rufi da ƙasa. Ana tsakiyar zafin da kaza ke buɗe baki, in ka sauka ɗakin nan sai ka ji kamar ka sa kai cikin randa. Mutanen gari suka riƙa ce masa ɗakin ƙasa, har daga Maiyama ana zuwa kallo. Inna Kulu da kanta ta yi yaɓen ciki da daɓe bayan ta haihu, don aikin mata ne, kuma hannunta ya fi na wasu maza da na sani.

A wajen rufin ɗakin nan azara ta kuɓuce ta danne mini hannun dama. Aka kai ni wurin masu ɗori a Aliero, suka ceci hannun, Allah Ya saka musu, amma ƙaramin yatsa ya ƙage ya lanƙwashe ciki har yau. Ga shi, ku gani. Tun daga nan in na yi yaɓe layi uku yake fitowa maimakon huɗu. Baba Altine yakan bi bango da ido ya ce, "Wanga na Sahabi na, kaza ta bi ta nan." Iyakar yabon da na taɓa samu ke nan a wurinsa.

Yanzu ku ji yadda ruwa ke cin ginin ƙasa. Ba daga sama yake kamawa ba muddin indararo na aiki. Ƙafa yake kamawa. Gindin bango ya sha ya yi laushi kamar tuwon da ya kwana cikin miya, ga nauyin rufi a kai. Kuma yawanci ba ranar ruwan yake faɗuwa ba. Sai rana ta fito, mutane sun yi hamdala, sun shanya tabarma sun mayar da gado, sannan ya zo. Akwai wani mai sayar da hatsi nan kasuwar Jega da ruwa ya taɓa ɗakin ajiyarsa. Na ce a bar bango ya sha iska har kaka. Ya ce shi ba ya son ganin tsaga, ido na kansa, ya sa aka lulluɓe da siminti aka shafa fenti. Laima ta rasa hanyar fita, ta zauna ciki tana cin bango a hankali. Rannan da hantsi bangon ya kwanta bisa buhunan gero da fentinsa fes. Masu ba mu aiki kala biyu ne: wanda ke son ɗaki ya tsaya, da wanda ke son ya ga kamar ya tsaya, kuma na biyun sun fi yawa.

Don haka in na ga tsaga ba na cike ta. Laka nake kwaɓawa da ɗan yashi don kada ta dare don kanta, in shafa siriri a kan tsagar, faɗin tafin hannu. Muna ce mata shaida. In ta bushe ta zauna lafiya, bango ya tsaya. In ta tsage, bango na tafiya, a kwashe yara a fita. Baba Altine ya koya mini, yakan ce magini na iya ƙarya don kunya, laka ba ta da kunyar kowa.

Shekarar da ruwa ya ci mu, Baba Altine ya rasu a farkon damina, ana shuka. Tsufa ne, ba wani ciwo ba. Muka kai shi, na dawo Jega na ci gaba da 'yan gyare-gyare. Inna Kulu ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma da mace ke zaune a gidan mijinta ba ta kwana ko'ina.

Da damina ta yi tsakiya, wata la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, da iskar da ta riƙa nannaɗe kwanon rufi kamar tabarma. Aka tsuge da ruwa har ba ka ganin gidan maƙwabcinka. Ba yawan ruwan kaɗai ya yi ɓarna ba. Kududdufan da muka haƙa muna yara, waɗanda ke shanye ruwan gari, an cike su an yi gini a kai. Hanya kuma an ɗaga ta ta fi gidaje tudu. Ruwa ya nemi gidansa na da bai samu ba, ya shiga na mutane. Daga Jega har Aliero har Maiyama ba unguwar da ba a yi kuka ba. Katangar gidana ta yamma ta kwanta, rumbun maƙwabcina ya zube da geron bara a ciki. A shekarar nan aiki ya yi mini yawa, abinci ya yi kaɗan, don wanda ruwa ya cinye wa rumbu da me zai sallami magini? Wani ya ba ka kwanon dawa mai warin laima, wani ya ce Allah Ya saka, ka ce amin ka ɗauki tsaninka.

Washegarin ruwan Atiku ya kira ni a waya. Shi ne autan Baba Altine, manomin albasa ne, yana zaune Aliero, gonarsa na wajen Jiga Birni. A gabana aka haife shi.

"Yaya Sahabi, ruwa ya ci gidan Baba. Zaure ya hwaɗi, ɗakin girki ya hwaɗi. Ɗakin Inna kaɗai at tsaye, shi ma ya cika kamar rijiya."

Na ce, "Kak ku taɓa komi. Ina tahe."

Amma hanya ta yanke, ga tawa katangar a ƙasa da iyali a fili. Sai da na kwana biyu kafin na sami mai babur da ya yarda ya ratsa da ni. Tun daga bakin gari na ji ƙarar inji.

Atiku ya ɗauko injin ban-ruwa daga gonarsa. Ba zan ga laifinsa ba. Manomin albasa ruwa bawansa ne, in ya yi kaɗan a jawo shi, in ya yi yawa a kore shi. Ya ga uwarsa tana kwana a rumfar awaki cikin takaba, ya ga ɗakinta cike, ga inji a hannu. Ya jefa tiyo ya tayar. Kafin in sauka daga babur ɗakin ya kusa ƙafewa, yara na tafa hannu, shi kuma yana share gumi yana jiran in ce madalla.

Abin da bai sani ba, ɗakin da ke cikin ƙasa ba kamar fadama ba ne. Ƙasar da ke kewaye da shi ta sha ruwa ta yi nauyi, tana tura bango ciki. Ruwan da ke cikin ɗakin shi ke tura bango waje, su biyu suna riƙe da juna. Da na iso da wuri, rami zan fara ja a bayan ɗaki ƙasar waje ta tsiyaye, sannan a riƙa kwasar na ciki da bokiti kaɗan-kaɗan, kamar taki ɗaya a yini. In ka zuƙe na ciki gaba ɗaya ka bar bango shi kaɗai da ƙasar waje. Na sauka matakala cikin taɓo har idon sawu, ga warin ruɓa, ga kwanonin jerenta a kife, ga kwaɗi. Na duba bangon gabas. Gindinsa ya yi ciki, ya turo kamar mai juna biyu, tsaga ta tashi daga marmara ta nufi ƙafar bakan gizo. Ban ce wa Atiku komai ba sai, "Kashe inji." Aikin gama ya gama.

Da yamma aka zauna a kan maganar. Atiku yana son ya tafi da uwarsa Aliero, yana da ɗakin bulo da kwano a shirye. Ya kawo limamin unguwa. Liman ya yi bayani a tsanake, ya ce shari'a ba ta ɗora wa mai takaba abin da ya fi ƙarfinta ba, in gida zai faɗo mata tana iya tashi ta ƙarasa a wani wuri, ba laifi a kanta. Inna Kulu tana zaune bakin rumfa, lulluɓe da zane, kai a ƙasa. Ta bari ya gama.

"Na ji, Malam, Allah shi ƙara sani. Kun ce in gida za shi hwaɗi. To, ɗakin ga shina tsaye. Ba ni barin gidan mutum tun ƙasa tai ba ta bushe ba don tsoron abin da bai hwaru ba." Ta juyo wajena ba tare da ta ɗaga kai ba. "Ga magini nan. Ran da Sahabi yac ce ɗaki za shi hwaɗi, in tashi. Ba ni gardama."

Kowa ya zuba mini ido. Gaskiya a ranar ban sani ba. Na ga bangon da ya fi wannan ciki ya tsaya shekaru, na ga wanda bai kai shi ba ya kashe mutane. Sai na ce, "Ba ni za ni hwaɗi ba, Inna. Laka za ta hwaɗi. In sa shaida. In ta zamna, ki zamna. In ta tsage, ki bi Atiku." Ta ce ta yarda, liman ya shafa fatiha.

Na yi abin da ake yi. Muka kwashe taɓo da kwando, muka ja rami a bayan ɗaki. Atiku ya so a hura wuta a ciki don ya bushe da sauri, na hana, don wuta fatar bango take busarwa ta bar cikin jiƙe, sai ya dare. Muka zuba toka da busasshen yashi a daɓe, ya sha laima a kwashe a sake. Na kafa tokara biyu na azara a ƙarƙashin bakan gizo, na sa musu dutse a gindi. Sannan na kwaɓa laka na shafa shaida a kan tsagar, daidai tsayin ƙirji. Da ƙasa ta ɗan yi dama-dama aka mayar mata da gado, aka jingina shi da bangon yamma, nesa da tsagar.

Na riƙa zuwa duk bayan 'yan kwanaki, in akwai mai babur. In yi sallama, ta amsa daga bayan labule, ta fito tsakar gida, ni kuma in sauka in duba. Zuwan farko shaida lafiya lau. Na biyu haka. Na uku haka, sumul, ko gashin tsaga babu. Atiku ya kira, na ce masa bango ya tsaya, ya yi hamdala. Ni ma na fara sakin jiki, har ina ce wa kaina aikin Baba Altine ba ya ba da kunya.

Amma wasu abubuwa suka ƙi zama mini. Ƙyauren ƙofa da ke rufuwa da yatsa ɗaya ya fara cijewa, sai an ɗaga shi. Tokarar da na kafa da hannu ina iya girgiza ta, yanzu ko da ƙafa na buga ba ta motsi, dutsen gindinta ya nutse cikin daɓe. Na kuma ga garin ƙasa a kan zanen gadonta, irin wanda ke zubowa daga tsakanin azara. Duk ɗakin yana cewa ina tafiya, shaida kaɗai ke cewa ina tsaye.

Wata safiya na zo da wuri fiye da yadda na saba, don mai babur ɗin yana sauri zai wuce Maiyama. Na sauka, na tsaya gaban shaida, hasken ƙofa ya bugo ta daga gefe. Na ɗora bayan hannu na ji sanyi. Lakar da na shafa tun makonni ba ta da dalilin yin sanyi. Na matsa kusa. Kwaɓin daidai ne, yashin daidai, faɗin daidai. Sawun yatsu ne kawai ya bambanta: layi huɗu, sirara.

Na sa farce na ɓanɓare. A ƙarƙashi akwai wani shafin, a ƙarƙashinsa wani, kamar ɓawon albasa, kowanne a tsage. Nawa mai layi uku yana can ƙasa, ya rabu biyu tuntuni. Tsagar da na bari ba ta ɗaukar tsinke, yanzu na tura hannu ya shige har wuyan hannu, na ji iskar waje a yatsuna. Na duba ƙarƙashin gado na ga 'yar ƙwarya da kwaɓaɓɓiyar laka a ciki, rufe da tsumma mai laima. Na zauna a kan matakala. Tsoro na ji, ba na ɓoye muku, irin wanda ban taɓa ji ba ko a bisa tsani.

Inna Kulu ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta bayana. Ban juya ba.

Na ce, "Inna, wa yat taɓa shaidar ga?"

"Ni nit taɓa ta."

"Tun yaushe?"

"Tun kwana na biyu. Kullum da sahe, in na gama salla." Ta faɗa kamar mai ba da labarin shara. "Kwaɓin bai yi ba?"

"Ya yi, Inna. Yatsa guda yay yi yawa."

Ta ce, "Na manta da kazar."

Na ce mata rufin nan yana iya sauka yau, yana iya sauka gobe, kuma ba zai yi sallama ba. Na ce mun yi alkawari gaban liman. Ta ce ita da laka aka yi alkawari, kuma laka ba ta tsage a idon kowa ba sai nawa. Ta ce, "Saura kaɗan, Sahabi. Shekarun da niy yi cikin ɗakin ga sun kusa kai naka na aiki. Bai taɓa ce mani sannu ba, wanga ɗaki shi as sannu tai. In tahi Aliero in ƙare mashi takaba ƙarƙashin kwano, ina jin rediyon maƙwabta? Kai ɗana na. Ka mayar da laka, ka tahi gida."

Ita ce ta ɗaure mini hannu a wuya da zanenta lokacin da azara ta danne ni. Ita ta riƙa ba ni tuwo a baki har ɗori ya kama. Ban taɓa ce mata a'a ba tunda nake. In na kira Atiku, kafin azahar mota na ƙofar gida, za a ɗauke ta ko tana so ko ba ta so. In na mayar da laka, ni na haƙa mata kabari da hannuna.

Na daɗe zaune ina kallon bakan gizo. Abin da zai kashe ta ba bango ba ne, nauyin rufin da ke bisa bango ne. Na ce, "Inna, abu biyu na, ki zaɓa. Ko Aliero, ko in sauke ruhin ga. In sauke shi dut, in rage bangon gabas, in yi maki rumfa bisa. Ki ƙare kwanakinki nan inda gadonki yake."

"Ɗaki ba ruhi, ɗaki na?"

"Gidanai na dai."

Ta juya ta tafi rumfar awaki ta zauna. Ina nan har rana ta ɗaga, sannan ta aiko jikanyar maƙwabta ta ce, wai Inna ta ce a sauke.

Atiku na gaya masa rufi ya yi nauyi dole ya sauka, ban faɗa masa maganar ƙwarya ba. Sauke rufin ƙasa ya fi ɗora shi wuya, ku da kuke cewa wasa ne. Ba a hawa tsakiya. Daga gefen da ke da lafiya ake farawa, a kwance bisa tsani, ana kankare ƙasa da fartanya ana miƙawa da kwando, kaɗan nan kaɗan can don kada nauyi ya koma gefe ɗaya. Da muka kai ga azara, na gefen gabas da hannu na riƙa zare su, bakinsu ya fita daga bango saura ɗan yatsa. Na gane wadda ta karya mini hannu, tana da gaɓa a tsakiya. Daga ƙarshe sai bakan gizo. A cikinsa sawun yatsun Baba Altine yana nan kamar jiya ya shafa, manya, masu zurfi. Ban ba kowa digar ba. Ni na jefa tubalin da aka yi shi da shi, ni na sare shi. Inna Kulu tana rumfar awaki ta ba mu baya, tana jan carbi, ba ta waiwayo ba har ƙura ta kwanta.

Na rage bangon gabas zuwa ƙirji, na kafa itatuwa, na yi jinka mara nauyi da zana, muka ɗaure tampol a kai. Na ƙara tsayin dokin ƙofa na zurfafa ramin baya. Ba kyau, ni ma na sani. Ɗakin da ake zuwa kallo daga Maiyama ya koma kamar rumfar mai sayar da rake. Ruwan ƙarshen damina ya riƙa samun hanya, tana tara kwanoni tana matsar da gado. Sauro ya same ta, tari ya kama ta. In na zo na yi sallama takan amsa, ta tambayi iyali, shi ke nan. Ruwan sha ma sai ta aiko a kawo mini.

Ta ƙare takabarta a nan, ba ta kwana ko'ina ba ko sau ɗaya. Ranar fita aka yi sadaka, mata suka taru, Atiku ya kawo mota. An gama ɗaure kayanta, ba su da yawa, ruwa ya rage mata aiki. Ina tsaye gefe ina kwance igiyar tampol sai ta kira ni. Ta rame, tana dogara sanda. Ta tsaya a bakin matakala tana kallon ramin.

"Sahabi, in tambaye ka, kak ka ji kunyata. Da ba ka gane ba, da ɗakin ya kai ni ƙarshen takaba?"

Na tuna azarar da na zare da hannu. Na ce, "Da bai kai ki ba, Inna. Ko mako bai yi."

Ta gyaɗa kai a hankali.

"Na sani. Ni ma matar magini ta."

Ta juya ta shiga mota. Ina tsaye da igiya a hannu har suka fita gari, sai a lokacin maganar ta gama isa kunnena. Ashe tun farko ta san rufin zai sauka, a ƙarƙashinsa ta so ya same ta.

Ba ta ga wata damina ba. A Aliero aka rufe ta, na je na ɗauki makara. Filin Mungadi kuwa Atiku ya cike ramin da ƙasa, ya kira irinku suka yi masa ɗaki biyu na bulo, bai neme ni ba, ban kuma ga laifinsa ba. Har yau ina sa shaida a bangon mutane, laka ba ta canza hali ba. Sai dai yanzu kafin in kwaɓa, nakan tambaya wa ke kwana a ɗakin, kuma wa ya gina masa shi.